Yadda Ikkilisiyoyin Afirka ta Kudu Suka Haɗa Kai Gāba da Wariyar Launin Fata

Wariyar launin fata ta shiga majami'a tun kafin ta zama dokar ƙasa. A shekara ta 1857 babban taron ikkilisiyar Dutch Reformed, wato ta Turawa jikokin mutanen Holan, ya yarda a raba wurin sujada da teburin Jibin Ubangiji tsakanin farar fata da baƙar fata, wai saboda raunin waɗansu 'yan'uwa. Abin da aka ƙyale don rauni, daga baya ya zama koyarwa. Da gwamnatin wariya ta hau mulki a 1948, sai ta sami limamai suna kawo mata hujja daga Littafi Mai Tsarki. Ikkilisiyar nan kuwa ba baƙuwa ba ce a Nijeriya, gama masu bishararta ne suka fara aiki a ƙasar Tibi a 1911.

Ran 21 ga Maris 1960 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville. A watan Disamba na shekarar Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya ta tara wakilan ikkilisiyoyi takwas a Cottesloe, cikin Johannesburg. Suka yarda cewa ba za a hana wani mai bi shiga kowace majami'a saboda launinsa ba. Amma Firayim Minista Verwoerd ya tsawata, sai Dutch Reformed ta janye bakinta, ta fita daga majalisar. Ɗaya daga cikin manyan fastocinta, Beyers Naudé, ya ƙi janyewa. A 1963 ya kafa ƙungiyar Kirista ta kowane launi, aka kuwa tuɓe masa rigar fasto. Daga 1977 zuwa 1984 gwamnati ta hana shi yin magana a bainar jama'a.

Majalisar Ikkilisiyoyin Afirka ta Kudu ta haɗa Angalikan, Metodis, Lutaran, Faresbiteriyan da waɗansu. A 1968 ta fito fili ta ce wariya bisharar ƙarya ce. Ba ta tsaya a kan magana ba, domin talauci da wariya Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Doka ta keɓe wa baƙar fata kashi 13 cikin ɗari na ƙasa, su da suka fi kowa yawa, aka kuma kwashe miliyoyin mutane daga gidajensu aka zube su a fako. Majalisar ta riƙa ciyar da iyalan fursunonin siyasa, tana biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu da na lauyoyi. Ikkilisiyoyin ƙasashen waje suka riƙa aiko da taimako. Desmond Tutu ya zama babban sakatarenta a 1978, Naudé ya gaje shi a 1985, sa'an nan Frank Chikane a 1987.

A 1982 taron ikkilisiyoyin Reformed na duniya a Ottawa ya yanke cewa kāre wariya da Littafi Mai Tsarki karkatacciyar koyarwa ce, ya dakatar da Dutch Reformed, ya zaɓi Allan Boesak shugaba. A 1986 ikkilisiyar su Boesak ta karɓi Shaidar Bangaskiya ta Belhar, wadda ta tsaya a kan abu uku: ɗayantaka, sulhu, da adalci.

Wannan tsayawa ta jawo tsanani. A watan Agusta 1988 aka tayar da bam a Khotso House, hedkwatar majalisar, sunan da ke nufin gidan salama. A 1989 aka sa wa tufafin Chikane guba, da ƙyar ya tsira.

A watan Nuwamba 1990, bayan sakin Nelson Mandela, shugabannin ikkilisiya fiye da 200 suka taru a Rustenburg. Nan Farfesa Willie Jonker na Dutch Reformed ya miƙe, ya furta zunubin wariya a madadin kansa da ikkilisiyarsa. Tutu ya tashi ya amsa cewa an gafarta. Waɗansu 'yan'uwa baƙar fata suka ga an yi garaje, suka ce tuba irin ta Zakka mai karɓar haraji tana tafe da mayar da abin da aka ƙwace. Taron ya rubuta maganar ramuwa a cikin sanarwarsa. Daga 1996 Tutu ya shugabanci Hukumar Gaskiya da Sulhu, a 1997 kuma ikkilisiyoyi da kansu suka bayyana a gabanta suna amsa laifin shirunsu. Adriaan Vlok, ministan 'yan sanda na dā, ya amsa cewa shi ya ba da umarnin bam ɗin Khotso House. A 2006 ya je wurin Chikane da kwano da ruwa, ya wanke masa ƙafafu.

Aikin bai ƙare ba. Dokar wariya ta faɗi, amma maganar ƙasa da talauci tana nan, iyalin Dutch Reformed kuma bai gama komawa jiki ɗaya ba. Duk da haka tarihin ya nuna cewa lokacin da kowace ikkilisiya take kuka a ɗakinta, gwamnati ba ta ji ba, sai da suka haɗa murya. Masu bi na kowace ƙasa, inda kabila ko arziki yake raba mazauni a majami'a, za su yi kyau su sake karanta Afisawa sura 2, su tuna wane ne ya rushe katangar gaba, da abin da ya biya.