Charles Dickens da Shari'ar Gadon da Ta Cinye Gadon



Kwanakin baya na ba wani abokina mai karatun lauya babi biyu na labarin da nake rubutawa, inda aka gurfanar da jarumina a kotu bisa zargin kisan kai. Bai kai ƙarshen shafi na uku ba ya fara dariya. Ya ce a ina na taɓa ganin an kama mutum Litinin, an saurari shaidu Laraba, an yanke hukunci Juma'a, kuma a kotun majistare, wadda ba ta da hurumin yanke hukuncin kisa? Na ji kunya, don gaskiya ban taɓa shiga kotu ba, a finafinai na kwaso komai. Wannan ne ya sa na koma bin tarihin marubucin nan na Ingila, Charles Dickens, da littafinsa Bleak House, wanda har yau lauyoyi ke ambato idan ana zancen jan ƙafa a shari'a.

An haifi Dickens a 1812. Yana da shekara 12 aka ɗaure mahaifinsa a kurkukun Marshalsea da ke Landan saboda bashin da ya kasa biya, domin a lokacin dokar Ingila ta yarda a tsare mutum kan bashi. Shi kuwa yaron aka tura shi wani kamfanin man goge takalma yana manna takarda a jikin kwalabe, ana biyansa sule shida a mako. A 1827 ya samu aikin ƙaramin akawu a ofishin lauyoyi na Ellis da Blackmore, yana kwafar takardu yana kai su kotu. Daga nan ya koyi rubutun gaggawa da alamomi, ya koma ɗauko rahoton zaman kotu ana biyansa. Kafin ya wallafa littafinsa na farko, ya riga ya san ƙamshin ofishin lauya da fuskar wanda aka ɗage wa shari'a.

Bayan ya yi suna sai shi ma ya ɗanɗana. A Disamba 1843 ya fitar da A Christmas Carol. Cikin 'yan makonni wasu mawallafa suka sace labarin, suka ɗan sauya kalmomi, suka buga suna sayarwa da araha. Ya kai su ƙara Kotun Chancery a farkon 1844, ya kuma yi nasara. Amma mutanen suka ce sun tsiyace, ba su da abin biya, sai kuɗin shari'ar, kimanin fam 700, ya dawo kansa. Duk wanda a cikinmu ya taɓa ganin littafinsa na yawo a WhatsApp ba da izininsa ba zai gane zafin wannan: ka ci shari'a, ka koma gida da bashi.

Wace irin kotu ce wannan Chancery? Asalinta alheri ne. A da can, wanda ya ga dokar ƙasa ta yi masa tsauri yakan kai kuka ga sarkin Ingila, sarki ya miƙa wa babban jami'insa da ake kira Lord Chancellor ya duba da idon adalci. A hankali abin ya zama kotu mai zaman kanta, mai kula da amana, dukiyar marayu, da rikicin rabon abin da mamaci ya bari. Amma zuwa ƙarni na 19 ta zama abin tsoro. Ana karɓar shaida a rubuce. Ma'aikata da yawa ana biyansu ne gwargwadon shafukan da suka kwafa, saboda haka takarda ba ta gajarta. Dole a sa duk wanda ke da alaƙa da dukiyar cikin ƙarar, in ɗaya ya mutu kuma sai an shigar da sabbin takardu kafin a ci gaba. Sau da yawa daga cikin dukiyar da ake rigima a kanta ake cire kuɗin duk wannan hidima. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Bleak House ya riƙa fitowa ne kashi-kashi duk wata, daga Maris 1852 zuwa Satumba 1853, ana sayar da kowane kashi sule ɗaya, kusan yadda marubutanmu na intanet ke sakin labari shafi-shafi. Ya buɗe shi da hazo da taɓo sun rufe Landan a watan Nuwamba, sannan ya ja mai karatu har cikin kotun, inda hazon ya fi kauri. A can ake sauraron ƙarar Jarndyce da Jarndyce, rikicin wasiyya da ya daɗe har waɗanda suka fara shi sun mutu, jikoki sun gaje shi, lauyoyin kansu ba su san kansa ba.

Abin lura a nan shi ne, Dickens bai taɓa yi wa mai karatu cikakken bayanin abin da ake jayayya a kai ba. Mutanen da ƙarar ta taɓa ya bi ɗaya bayan ɗaya. Akwai Miss Flite, tsohuwar da hankalinta ya taɓu, wadda ke zuwa kotu kullum da 'yar jakar takardunta, tana ajiye tsuntsaye a keji da alkawarin za ta sake su ranar da aka yanke hukunci. Akwai Gridley, manomin da rikicin fam 300 da aka bar wa ɗan'uwansa ya ja shi kotu, kuɗin shari'a ya ninka abin da ake rigimar a kai, ya mutu bai ga ƙarshenta ba. Sai Richard Carstone, saurayi mai kirki da ya gwada aikin likita, ya gwada lauya, ya gwada soja, bai tsaya ko'ina ba, don zuciyarsa na can wurin gadon da yake jira. Lauyansa Vholes bai taɓa ɗaga murya ba, cikin ladabi da natsuwa ya tatse shi.

A ƙarshe aka gano wata sabuwar wasiyya da ake ganin za ta raba gardama. Ranar da aka je kotu sai aka tarar mutane na fitowa suna dariya, ana fito da ɗaurin takardu tuli-tuli. Shari'a ta ƙare, domin kuɗin kotu da na lauyoyi sun cinye dukiyar kaf. Richard ya yunƙura zai yi magana, jini ya cika masa baki, bai daɗe ba ya rasu. Ranar ce Miss Flite ta saki tsuntsayenta.

Wasu sun zarge shi da ƙarin gishiri. A gabatarwar da ya rubuta wa littafin a 1853 ya mayar da martani cewa labarin Gridley daga wata shari'a ta gaske ya ɗauko shi, ya kuma ambaci wata ƙarar da a lokacin ta kusa shekara ashirin a kotun, ta riga ta ci fam 70,000. Daga baya masanin tarihin dokar Ingila, William Holdsworth, ya rubuta littafi guda a 1928 yana nuna cewa labaran Dickens hujja ce ga mai nazarin kotunan wancan zamani.

Sai dai kar mu ba shi abin da ba nasa ba. Jaridu sun daɗe suna sukar kotun kafin littafin ya fito, majalisar dokokin Ingila ma ta yi wasu gyare-gyare a 1852, lokacin da labarin ke kan fitowa. Babban sauyin ya zo ne da dokokin 1873 da 1875, waɗanda suka haɗe Chancery da sauran manyan kotuna, shi kuwa Dickens ya rasu tun 1870. Abin da littafin ya yi shi ne ya sa talaka ya ga fuskokin waɗanda jinkiri ke kashewa, ya kuma bar wa duniya sunan da ake kiran irin wannan shari'a da shi.

Wannan tarihi bai yi mana nisa ba. Cikin dokokin da Turawan mulkin mallaka suka shigo da su Najeriya akwai ƙa'idojin adalci da aka gina a waccan kotu ta Chancery, har yau kuma ana koyar da su ga ɗaliban lauya. Rikicin gado kuwa ba sai an ba mu labari ba. Kusan kowace unguwa akwai gidan da ya zama kango ana jiran a raba, da 'yan uwan da suka daina gaisawa. Amma a yawancin littattafanmu, kotu wuri ce da lauya mace kyakkyawa za ta yi jawabi mai zafi, mugu ya fashe da kuka ya amsa laifinsa, alƙali ya buga guduma. Wasunmu har juri suke sakawa, alhali kotunan Najeriya ba sa aiki da shi a yau.

Shawarata ga duk mai niyyar rubuta babin kotu: ka ware safiya biyu ko uku ka je ka zauna, yawancin zaman kotu a buɗe yake ga jama'a. Ka san bambancin kotun majistare, babbar kotu da kotun shari'ar Musulunci, da irin ƙarar da kowacce ke ji. Ka saurari yadda magatakarda ke kiran ƙara, ka ga yadda ake ɗage zama cikin minti biyu saboda shaida bai zo ba. Ka fi zuba ido kan masu zaman benci a waje, kamar tsohuwar da ta biya kuɗin mota daga ƙauye aka ce ta dawo bayan wata biyu. Gani ya kori ji. Ni dai na yaga babina biyu, na sa ranar zuwa.

Allah ya ƙara mana basira, ya tsare mu da shari'ar da ba ta ƙarewa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.