Hatimi da Tafinta: Daga Wasiƙar 1902 Zuwa Na'urar POS

A zamanin Daular Usmaniyya, manzon da ya fita ta Ƙofar Atiku ɗauke da wasiƙar Sarkin Musulmi, hatimin da ke jikin takardar ne shaidarsa. Tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Muhammadu Bello, gidan Waziri ke kula da yawancin wasiƙun Sakkwato da masarautu.

A 1902 Gwamna Lugga ya ce ya karɓi wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman, wadda ke cewa babu komai tsakaninsu sai yaƙi. Ta zama ɗaya daga cikin hujjojin mamayar da ta kai ga faɗuwar Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Sai dai fassarar Turanci kaɗai ta wanzu, ba a ga asalin Larabcin ba, shi ya sa masanin tarihi D.J.M. Muffett ya yi shakkar ingancinta. Fassara ba ta ɗauke da hatimi.

Wannan matsala ta sake ɓullowa a ƙananan na'urori irin su POS da mitar wuta. Diffie da Hellman sun gabatar da dabarar sa hannun dijital a 1976, tsarin RSA ya biyo baya a 1977. Kamfani kan hatimce manhaja da mabuɗin sirri, na'ura kuma ta tantance hatimin kafin ta karɓa.

Amma na'ura ba ta jin rubutun injiniya, sai wata manhajar tafinta ta mayar da shi harshen inji, kuma fassarar ake hatimcewa. Idan kwamfutoci biyu na amfani da zubin tafinta daban-daban, rubutu ɗaya zai haifi fassara biyu. Bambancin harafi ɗaya ya isa hatimin wannan ya ƙi hawa kan waccan, na'urar ta ƙi karɓa. Haka ma idan kayan hatimcewar ba su dace da tsarin da na'urar ke jira ba.

Maganin da injiniyoyi suka cimma shi ne a tsayar da zubin tafinta guda, a rubuta shi, a adana asalin rubutun. Tun 2013 masu haɗa Debian ke wannan aiki, domin duk mai shakka ya sake fassarawa da kansa, ya gwada da abin da aka hatimce. Wannan damar ce masu binciken wasiƙar 1902 suka rasa.