Daga Banting zuwa Keto: Tarihin Ƙaurace wa Zaƙi

Duk bayan 'yan shekaru sai wani tsarin cin abinci ya shigo gari da sabon suna. Jiya Atkins ake kira, yau keto, kuma alkawarin ɗaya ne: a bar burodi da shinkafa da sukari, ƙiba za ta zube, kwaɗayin zaƙi kuma ya kwanta. Masu talla kan nuna kamar yanzu aka gano wannan hanya, alhali ta haura shekara 160 a rubuce, likitoci ma sun fi ƙarni biyu suna gwada ta a kan marasa lafiya. Wannan dogon tarihi ya tara shaidar da ya kamata mai niyyar farawa ya duba tun kafin ya kwashe buhun hatsi daga ɗakin ajiya. Abin da shaidar ta nuna shi ne, cikin duk dokokin da aka yi ta gindayawa, guda ɗaya ce ta jure gwaji a kowane zamani, wato rage sukari da tatacciyar fulawa. Haramta hatsi baki ɗaya da horar da kai da yunwa kuwa, ko dai magunguna ne na wasu cututtuka da aka ɗauko aka yayata wa kowa, ko kuma hanyoyi ne da kan dawo da kwaɗayin da aka ce za su kora.

Sai da sukari ya yi arha sannan aka fara neman hanyar gudunsa. A wajen shekarar 1700, abin da mutumin Ingila ke sha na sukari a shekara bai kai kilo 2 ba, domin kayan masu hali ne. Zuwa 1800 ya kai kamar kilo 8, zuwa 1900 kuwa ya doshi kilo 40. Gumin bayi ne ya sauko da farashin, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa gonakin rake na Barbados da Jamaika da Birazil. Hausawa ma na cikin waɗanda aka kai Bahiya ta Birazil, inda tarihi ya rubuta yunƙurinsu na tawaye tsakanin 1807 da 1814. A 1874 gwamnatin Birtaniya ta soke harajin sukari gaba ɗaya, shayi mai zaƙi da farin burodi suka zama abincin leburan masana'anta safe da yamma. Jikin Bature bai sauya ba a cikin waɗannan ƙarni biyu, harshensa ma haka. Kasuwa ce ta sauya, ta ɗauko abin da a da ake lasa sa'i-sa'i ta ajiye shi a kan teburin kowa kullum.

A cikin wannan yanayi William Banting ya rayu, wani attajirin Landan da gidansu ya shahara da shirya jana'izar 'yan gidan sarauta. A watan Agusta na 1862, yana da shekara 65, nauyinsa ya kai kilo 92, ga shi gajere. Ya bayyana cewa ba ya iya sunkuyawa ya ɗaura igiyar takalminsa, kuma da baya-da-baya yake saukowa daga bene don rage wa gwiwoyinsa nauyi. Ya gwada tuƙin kwalekwale, ya gwada wankan tururi da magunguna iri-iri, babu abin da ya sauya. Da jinsa ya fara raguwa sai ya je wurin likitan kunne William Harvey, wanda ya taɓa sauraron laccocin Claude Bernard a Paris kan yadda hanta ke samar da sukari a jiki. Harvey ya hana shi burodi da man shanu da madara da sukari da giyar sha'ir da dankalin turawa. Karin kumallonsa ya koma nama ko kifi kaɗan, da shayi ba madara ba sukari, da ɗan guntun gasasshen burodi. Cikin shekara guda ya sauke kusan kilo 21, a 1863 kuma ya buga 'yar wasiƙarsa kan ƙiba, ya raba bugun farko kyauta, daga baya aka sayar da dubban kwafe. Ya rayu har 1878. Amma a lura da abu biyu: Banting bai bar sitaci gaba ɗaya ba, tun da yana cin guntun burodi da 'ya'yan itace, kuma kowane abinci nasa a aune yake.

Tsauraran nau'o'in wannan tsari daga ɗakin jinya suka fito. A 1797 John Rollo, likitan sojan Birtaniya, ya ba da rahoton yadda ya ɗora wani hafsa mai ciwon suga a kan abincin nama kusan zalla. Lokacin da sojojin Jamus suka yi wa Paris ƙawanya a 1870, likita Apollinaire Bouchardat ya lura cewa ƙarancin abinci ya sa sukari ya ɓace daga fitsarin wasu majinyatansa. Frederick Allen a Amurka ya kai wannan dabara maƙura, yana tsare masu ciwon suga a kan abinci ɗan mitsitsi don ya ƙara musu 'yan watanni. Elizabeth Hughes, 'yar sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ta bi tsarinsa, kuma sa'ad da aka kai ta Toronto a 1922, tana dab da cika shekara 15, nauyinta kilo 20 ne kacal. Allurar insulin da aka gano a can ce ta cece ta, ta rayu har 1981. Keto ɗin da ake yayi yanzu ma Russell Wilder na asibitin Mayo ne ya tsara shi a 1921 domin masu farfaɗiya. Duk waɗannan magani ne da aka auna wa mara lafiya a lokacin da babu zaɓi da yawa, likita kuma na tsaye a kansa. Mai lafiyar da ya ɗauko su don kawai yana yawan shan lemon kwalba ya ɗauki abin da ya fi ƙarfin matsalarsa.

Ƙidayar kalori ta biyo wata hanya dabam. Wilbur Atwater ne ya auna a ƙarshen ƙarni na 19 cewa giram ɗaya na sitaci ko furotin na ba da kalori 4, na mai kuma 9, sannan a 1918 likita Lulu Hunt Peters ta fitar da littafin da ya koya wa matan Amurka lissafa kowace loma. Lissafin daidai ne, amma ya manta da cewa mai jin yunwa ba ya tunani kamar ƙoshasshe. An ga haka ƙarara a jami'ar Minnesota tsakanin 1944 da 1945, inda Ancel Keys ya rage wa matasa 36 abinci zuwa kusan rabi na tsawon mako 24. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, amma hankalinsu ya koma kan abinci ɗungurungum. Suna tara littattafan girki, suna lashe faranti, suna tauna cingam ba ƙaƙƙautawa har sai da aka sa musu iyaka, kuma da aka sake su wasu suka riƙa ci har su yi amai. Gaskiya ne cewa abincin da aka ba su galibi dankali ne da burodi, don haka mai goyon bayan keto zai ce gwajin bai shafe shi ba. Sai dai wanda ya haɗa rage sitaci da matse kalori lokaci guda ya shiga cikin hatsarin nan kai tsaye, domin jikin da aka tauye wa abinci abin da ya fi saurin ba shi ƙarfi yake nema, ba kuwa abin da ya kai sukari sauri.

Daga 1950 zuwa 1980 muhawarar ta koma tsakanin masu zargin kitse da masu zargin sukari. Bugun zuciyar da ya kama Shugaba Eisenhower a 1955 ya tsorata Amurkawa, ra'ayin Keys cewa kitse ne abokin gaba ya samu karɓuwa. A 1972 John Yudkin na Landan ya buga littafi yana nuna sukari da yatsa, aka yi masa ca, a shekarar kuma Robert Atkins ya fitar da nasa da ke halatta nama da man shanu yana hana sitaci. Sai a 2016 wasu masu bincike suka bankaɗo takardun da suka nuna cewa wata gidauniyar kamfanonin sukari ta biya masanan Harvard kuɗi don rubuta sharhin da ya fito a 1967, wanda ya sassauta wa sukari ya ɗora laifi kan kitse. Tsarin Atkins ya yi tashe a farkon shekarun 2000, ya kuma dusashe da sauri har kamfaninsa ya karye a 2005. Mutane sun ga nauyi ya sauka a watannin farko, amma kaɗan ne suka iya rayuwa shekara da shekaru ba burodi ba shinkafa.

Za a ce ai Banting da dubban mabiyansa sun rame, wannan bai isa hujja cewa sitaci ne mai laifi ba? Amsa mafi ƙarfi ta zo daga jami'ar Stanford a 2018, inda Christopher Gardner ya raba mutum 609 gida biyu na tsawon shekara, wasu na rage sitaci, wasu na rage mai. Na farko sun sauke kimanin kilo 6, na biyu kilo 5 da ɗoriya, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Abin da ya haɗa su shi ne an umarci kowa ya rage sukari da tatacciyar fulawa, ya yawaita ganye, ya ci abincin da aka girka a gida. Tarihin ƙasar Hausa ma shaida ne. Gero da dawa suka riƙe jama'a ƙarni bayan ƙarni, tuwo da dare, fura da rana, kunu da safe, zaƙi kuwa sai zuma da dabino da rake da mazarƙwaila jefi-jefi. Abin da ya shigo daga baya shi ne farin sukari mai arha, wanda aka fara sarrafawa a Bacita a 1964 sannan a Numan, ga kuma wanda ake shigowa da shi ɗanye daga Birazil. Tare da shi teburin mai shayi ya kafu, inda ake zuba cokali bayan cokali a kofi guda, a ɗora madarar gwangwani, a haɗa da rabin burodi. Aikin gona da tafiyar ƙafa kuma suka ragu ga mazauna birni. Ba adalci ba ne a kama gero da laifin da wasu suka aikata.

Wasu kuma za su ce kwaɗayi hali ne, tun da Bahaushe ya kira shi mabuɗin wahala, don haka maganinsa kame kai kawai. Kame kai na da muhimmanci, amma alƙaluman Ingila sun nuna cewa al'umma guda na iya ninka shan sukarinta sau 20 ba tare da tarbiyyarta ta lalace sau 20 ba. Shi ya sa gwamnatoci suka koma kan farashi, ciki har da Najeriya da ta sanya harajin naira 10 kan kowace lita ta lemo mai zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Akwai kuma masu kafa hujja da binciken Newcastle da Glasgow na 2017, inda kusan rabin masu ciwon suga na manya da aka ɗora a kan kalori 800 da 'yan kai suka samu sauƙin da ya raba su da magani bayan shekara. Wannan nasara ce ta gaske, amma ta 'yan watanni ce a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, da tsarin komawa abinci sannu a hankali. Ta ƙara tabbatar da cewa tsanani aikin asibiti ne.

Saboda haka mai son karya kwaɗayin zaƙi ya fara da inda shaida ta fi ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, in ma da hali ya tsaya a ƙaramin cokali 6, adadin da kwalbar lemo guda kan zarce. A rage na shayi cokali-cokali har harshe ya saba, a maye gurbin lemo da ruwa ko zoɓo marar sukari, a rage malmalar tuwo a ƙara miyar ganye da wake da gyaɗa da ƙwai, a ci a ƙoshi don kada yunwa ta tura mutum wurin mai alewa da la'asar. Mai shan maganin suga ko mai allurar insulin, da mai juna biyu, da mai ciwon ƙoda, kada su taɓa tsarin abincinsu sai da sanin likita, domin faɗuwar sukarin jini na iya kisa cikin sa'o'i. Ma'aunin kowane tsari shi ne ko mutum zai iya binsa shekara goma a cikin gidansa, da kuɗin cefanensa, daga tukunyar da iyalinsa ke ci.