Malamin Zariya da maganin sikila: tarihin Niprisan

Da wuya ka zaga unguwar nan ba ka tarar da gidan da ke da mai amosanin jini ba, wato sikila. Duk uwar da ta taɓa kwana zaune a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Jalingo, tana danna wa yaro ƙafa yana kuka, ta san abin da ake nufi. Ƙiyasin da aka fi ambato shi ne jarirai kusan 150,000 ake haifa da wannan cuta a Nijeriya duk shekara. Amma mutum nawa a cikinmu suka san cewa an taɓa haɗa mata magani a ƙasar nan, kuma wanda ya jagoranci aikin tsohon malami ne a Zariya?

Sunansa Farfesa Charles Wambebe. Ya daɗe yana koyar da ilimin aikin magunguna a jikin ɗan Adam a Jami'ar Ahmadu Bello, kafin a ba shi shugabancin cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Idu a Abuja. A farkon shekarun 1990 wani limamin coci mai maganin gargajiya daga ƙasar Yarabawa, Rabaran Paul Ogunyale, ya kawo wa cibiyar wani haɗi da yake ba masu sikila. Wambebe bai raina shi ba. Aka rubuta yarjejeniya da shi, aka sa sunansa cikin masu haƙƙin maganin, sannan aka shiga gwaji.

Abin mamaki, uku daga cikin kayan haɗin nan huɗu muna da su a kasuwa: masoro, kanumfari da karan dafi. Na huɗun itace ne da Yarabawa ke kira osun. Masu bincike suka auna, suka tace, suka gwada a kan dabbobi, daga baya a kan marasa lafiya. Sakamakon ya nuna maganin, wanda aka raɗa wa suna Niprisan, yana rage yawan tashin ciwon, ko da yake ba ya warkar da cutar. A 1998 aka yi masa rajistar mallaka a Amurka.

Daga nan sai maganar kamfani, domin cibiyar bincike ba ta iya wadata ƙasa da magani. A 2002 gwamnati ta ba wani kamfanin Amurka, Xechem, lasisin sarrafa shi, kuma a 2006 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shi da sunan Nicosan. Murna ba ta daɗe ba. Bashi ya ci kamfanin, a 2008 ya durƙushe, magani ya ɓace daga kantuna, iyayen da suka fara ganin sauƙi suka koma gidan jiya. Sai a 2018 kamfanin May & Baker ya ƙulla sabuwar yarjejeniya da cibiyar, ya dawo da shi da sunan Niclovix.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya dafa masoro da kanumfari ya ɗura wa yaro. Shekarun da su Wambebe suka yi a ɗakin gwaji sun tafi ne wajen gano adadin da jiki zai ɗauka ba tare da illa ba, kuma likita ne zai faɗi ko maganin ya dace da ɗanka. Gwajin jini kafin ɗaurin aure kuwa har yanzu shi ne babbar kariya. Sannan ga yaranmu masu shirin jami'a: yawancinsu likitanci kawai suke hange, alhali karatun haɗa magunguna na nan a Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri. Mu da muka gāji sanin itatuwa daga kakanni, muna bukatar 'ya'yanmu da za su iya kai wannan sani ɗakin gwaji su auna shi.