Otal ɗin San Marcos: gado mai laushi a tsohon kurkuku

A birnin Leyon na ƙasar Sifaniya akwai otal mai tauraro biyar da ake kira San Marcos. Ba don masu hannu da shuni aka fara gina shi ba. A ƙarni na 12 masauki ne na talakawan Kiristoci masu tattaki zuwa ziyarar Santiyago, daga baya ya zama gidan masu zuhudu.

A 1836 gwamnati ta ƙwace kadarorin irin waɗannan gidaje, sai ginin ya shiga hannu daban-daban: ya yi makaranta, har wurin kiwon dawakin soja ya zama. To, ginin dutse idan ba mai gyara rufinsa, danshi da gishiri ne ke cin bango a hankali. Mayar da shi otal a shekarun 1960 ya samar da kuɗin gyara, wannan kam ba musu.

Amma ina zancen fursunoni? An tsare mawaƙi Kebedo a nan daga 1639 zuwa 1643, kuma wannan labarin yana da daɗin ba baƙi. Wanda aka daɗe ana kauce wa shi ne na 1936 zuwa 1940, lokacin da sojojin Faranko suka cusa dubban abokan hamayya a ciki, da yawa ba su fito da rai ba. A 2014 wani Bajamushe ya kwana a can, bai san haka ba sai bayan ya sauka. Ya rubuta ƙorafi a shafin da ya kama ɗakin. Aka ƙi wallafawa, aka mayar masa da kuɗinsa.