Luger .45: ƙaramar bindigar da aka ba da dala miliyan ɗaya a kanta

A wajen masu tara tsofaffin makamai, samfurin gwaji ya fi komai daraja, wato bindigar da kamfani ya ƙera 'yan ƙalilan don a jarraba, ba don a kai kasuwa ba. Daga cikin waɗanda suka fi suna akwai Luger .45 ta shekarar 1907.

Asalinta

A yaƙin da suka yi a kudancin Filifin a farkon ƙarni na 20, sojojin Amurka sun koka cewa harsashin ƙananan bindigoginsu mai lamba .38 ba ya tsayar da mayaƙan Moro. Don haka rundunar ta nemi sabuwar bindiga mai cin harsashi .45, mai kaurin milimita 11,43, ta kuma shirya gwaji a 1907.

Georg Luger, na kamfanin DWM na Jamus, ya shiga takara. Tuni sojojin Suwis suka karɓi bindigarsa a 1900, sojojin ruwan Jamus a 1904. An san ta da wani ƙarfe a samanta mai lanƙwashewa kamar gwiwa a duk harbi. Sai ya ƙara mata girma don ta ɗauki wannan harsashi.

Yadda aka ƙare

Bayan gwajin farko, Amurka ta nemi guda 200 don a jarraba a hannun sojoji, amma DWM ya janye. Takara ta rage tsakanin Colt da Savage. A watan Maris na 1911, bindigar Colt, ƙirar John Browning, ta harba harsashi 6.000 ba tare da ta cije ba. Ita ce M1911, wadda sojojin Amurka suka riƙe har 1985.

Darajarta

Samfurin mai lamba 2 ya tsira, ya shiga hannun masu tara kayan tarihi. A 1989 wani attajirin Indunusiya ya saye shi dala miliyan ɗaya, sama da sefa miliyan 500 a canjin yau. Da aka yi gwanjonsa a 2010, farashin bai kai rabin haka ba.

Masu saye na duba ƙarancin bindiga, lambarta, takardun da ke nuna hannayen da ta bi, da ko an sauya mata wani ƙarfe. Saboda akwai kwaikwayon Luger .45 da maƙera suka yi daga baya, takardun asali ne ke raba ta gaske da jabu.