Darussa uku na lissafin ƙaramar sakandare da yadda ake jera su: Misali daga Yauri

A tsarin ilimin bai-ɗaya da dokar 2004 ta kafa, yaro yakan yi shekara shida a firamare, ya yi uku a ƙaramar sakandare, sannan ya zauna jarrabawar BECE. Hukumar NERDC ce ke rubuta manhajar ƙasa baki ɗaya, saboda haka abin da ake koya wa ɗalibi a Yelwa ko Wara ko Shanga shi ake koya wa takwaransa na Legas. Abin da ya rage a hannun malami shi ne misalan da zai kawo da lokacin da zai ba kowane darasi.

Darussa uku ne suka fi bukatar tsari, domin kowane a kan ɗan'uwansa yake zaune.

Na farko shi ne ninkin lamba da kanta, wanda ɗalibai suka sani da indisis. Ƙaramar lambar da ake ɗorawa a kafaɗar babba tana faɗin sau nawa babbar za ta bayyana a ninkin: 2³ na nufin 2 × 2 × 2, wato 8. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yaro ya ce 6, kuma wanda ya wuce da shi zai sha wuya idan ya iske logaridim a babbar sakandare. Wannan salon rubutu ya yaɗu ne daga littafin Descartes, masanin Faransa, na 1637.

Malamin Yauri ba ya bukatar neman misali daga nesa. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, an gina ta da ƙarfin megawat 760, wato wat 760,000,000, abin da ake taƙaitawa da 7.6 × 10⁸. Ga kuma misalin kasuwa: a ce buhun shinkafa naira 50,000 ne, farashinsa yana ƙaruwa da kashi 20 cikin 100 duk shekara. Bayan shekara uku mai lissafin gaggawa zai ce 80,000. Amsar ita ce 50,000 × 1.2³, wato 86,400, domin ƙarin kowace shekara yana hawa kan na bara. Ma'aikacin da ya taɓa cin bashin banki ya san ɗacin wannan bambanci.

Na biyu shi ne lambobin da ba sa rubutuwa a matsayin kaso, darasin aji uku. Ba a shigarsa sai yaro ya san saiwar lamba, wato juya ninki baya: tunda 5² ya ba da 25, saiwar 25 ita ce 5. Ya kuma san ƙa'idar Fitagoras, wadda magina ke aiki da ita idan suka auna 3 da 4 da 5 don daidaita kusurwar ɗaki.

Daga nan sai a fita fili da igiya. A zana murabba'i mai mita 10 a kowane gefe, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Igiya za ta nuna mita 14 da ɗoriya. Lissafi zai ce saiwar 200 ce, wato 14.1421..., kuma lambobin bayan ɗigo ba sa ƙarewa, ba sa kuma komawa kan wani zubi mai maimaituwa. Sharaɗi na biyun shi ne jigo, domin ɗaya bisa uku ma ba ya ƙarewa, 0.333..., amma yana maimaita kansa, don haka kaso ne.

Haka lambar pai take, wadda ake samu idan aka raba kewayen bakin rijiya da faɗinsa. Yara da yawa sun tashi da cewa pai ita ce 22 bisa 7, alhali kusantawa ce kawai: 22 bisa 7 na ba da 3.1428, pai kuwa 3.1415 ce da ci gaba. A 1761 Johann Lambert ya tabbatar da cewa babu kason da zai yi daidai da ita. Wannan darasi ne aka fi yi wa gaggawa, alhali ya cancanci mako guda cur.

Na uku shi ne dangantaka tsakanin adadi biyu, inda kowace lamba da aka shigar take fitar da amsa guda tak. A ƙaramar sakandare ba a cika kiran ta da sunanta na fankshin ba. Tana zuwa ne a rigar jadawali da zanen layi. A ce mai kwale-kwale yana karɓar naira 500 kuɗin fasinja da 200 a kan kowane buhun albasa: buhu uku 1,100, buhu goma 2,500. Idan yaro ya cika jadawalin da hannunsa, rubuta y = 200x + 500 ba zai zame masa baƙo ba. Sai a ajiye jadawalin farashin shinkafa a gefensa, ya ga ɗaya layi ne miƙaƙƙe, ɗayan kuwa yana lanƙwasa sama.

Shekarar karatu zango uku ce, kuma bita da jarrabawa sukan cinye makonnin ƙarshen kowane zango. A ajin da ya haɗa 'ya'yan Hausawa da Gungawa da Kambari, malamai sukan warware bayani da Hausa, sannan su maimaita da Turanci, domin da Turancin ake rubuta tambayoyin BECE.